Akwatin Gilasai: Abin da Jini ke Nunawa a Zazzaɓin Kaluluwa

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau na karɓo akwatin daga wurin kafinta. Na katako ne, gurbi 50, kowane gurbi gilashi ɗaya yake ɗauka. Niyyata in cika shi da gilasan jini da aka shafa aka rina, domin ɗaliban da ake turo mana koyon aikin awo su riƙa ɗorawa a madubin likita suna gani da idonsu, kowane gilashi da takardar bayaninsa da Hausa. Layin farko, gurbi 10, na ware shi ga cuta guda, wadda wani likitan yara Bajamushe, Emil Pfeiffer, ya raɗa wa suna a 1889, sunan da ma'anarsa zazzaɓin kaluluwa. Da shi zan riƙa kiranta a nan.

Akwai dalilin da ya sa na fara da ita. Bara aka kawo mana jinin wata yarinya 'yar shekara 17. Wani ƙaramin ma'aikaci ya duba, ya ga manyan fararen ƙwayoyi birjik a gilashi, ya rubuta cewa yana zargin sankarar jini. Ban ga laifinsa ba, don ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa bambancin. Amma kwana tara iyayen yarinyar suka yi ba barci, uban har ya fara cigiyar mai sayen gonarsa, kafin a sake awo a gane cewa garkuwar jikinta ce kawai ta tashi tsaye. Tun ran nan abin yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Alhamis, 16 ga Janairu

Hunturu ya hana aiki. Gilashi shida na rina don gwaji, biyar sun fito da ɗigo-ɗigon ƙura da gurɓin rini, irin wanda sabon hannu zai iya ɗauka ƙwayar maleriya ce. Na tace rinin Leishman da takardar tacewa, na sake haɗa ruwan sirka rinin a kan ma'aunin tsami (pH) 6.8, na samo kwali mai murfi da gilasan za su riƙa bushewa a ciki. Na shida ya yi kyau: jajayen ƙwayoyi sun fito ruwan hoda, cibiyar farare ta fito shuɗi mai duhu. Haka nake son sauran.

Asabar, 25 ga Janairu

Mako guda ke nan ina rubuta takardar farko ina yagawa. Wuyar abin a ce an faɗi gaskiya cikin shafi ɗaya.

Bairos ɗin da ke kawo cutar sunansa Epstein-Barr, dangin bairos ɗin farankama ne, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da shi. Ta miyau yake yaɗuwa. Idan ya shiga baki, inda ya fi nufa su ne tsokokin nan biyu na gefen maƙogwaro, domin can ne ƙwayoyin B suke zaune, wato reshen fararen ƙwayoyin jini da aikinsu ƙera antibodi, furotin da ke kama baƙon abu a jiki. A jikin bairos akwai furotin da ake kira gp350, a jikin ƙwayar B kuma akwai wata kafa mai suna CD21. Su biyun sun dace kamar makulli da kwaɗo, ta nan yake kamawa kafin ya kutsa ciki.

Abin da yake yi a ciki shi ne ya fi ɗaure mini kai tun ina ɗalibi. A ƙa'ida ƙwayar B ba ta hayayyafa sai ta sami izini biyu: ta gamu da abin da aka halicce ta ta gane, sannan ƙwayar T mai taimako, daga wani reshen fararen ƙwayoyin, ta sa mata hannu. Bairos ɗin nan yana ƙera furotin biyu, LMP1 da LMP2A, masu kwaikwayon waɗannan izini. Takardar jabu ce yake miƙa mata, ita kuwa ta karɓa ta shiga rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, kowacce da bairos a cikinta. Duk wannan yana gudana mako huɗu zuwa shida mutum yana harkarsa, bai ji ko ciwon kai ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Wanda ya ji wannan bayani zai zaci manyan ƙwayoyin da muke gani a gilashi su ne waɗanda bairos ya kama. Ba su ba ne. Mafi yawansu ƙwayoyin T ne masu alamar CD8, masu kisa, waɗanda jiki ya tara don su farauto ƙwayoyin B da suka karɓi takardar jabun. Ranar da suka yi yawa, ranar zazzaɓi ke farawa. Wannan jumla ɗaya ita nake son ɗalibi ya fita da ita ko ya manta sauran.

Talata, 4 ga Fabrairu

Allah ya kawo gilashi na farko, ko da yake ta hanyar wahalar wani.

Saurayi ne ɗan shekara 19, ɗalibi, kwana 11 yana zazzaɓi. Ya sha maganin maleriya sau biyu, an ce masa taifot ne, aka ba shi amoksisilin a wani kemis. Bayan 'yan kwanaki ƙuraje jajaye suka feso masa daga ƙirji har gadon baya. Likitan da ya tura shi ya biyo shi har ɗakin awo da kansa, ya ce mini, "Malam, don Allah kai da kanka za ka duba mini wannan. Kaluluwar bayan wuya ce, ba ta gaba kaɗai ba, kuma ina jin bakin saifa a hannuna."

Na ga yaron a kan benci, ya jingina kai da bango, fatar idonsa ta ɗan kumbura, yana magana kamar da dankali mai zafi a baki. Ko miyau ba ya iya haɗiyewa sai ya runtse ido. Mahaifiyarsa na gefe riƙe da gorar kunu da ya kasa sha. Ta ce mini, "Ɗan nan, ni dai na ce a kai shi wurin wanzami a cire beli, babansa ya ce a fara zuwa nan." Na ce, "Hajiya, Alhaji ya yi daidai. Ku ba mu sa'a ɗaya." A raina kuwa ina godiya ga Allah da aska ba ta shiga wannan maƙogwaron da ya riga ya kumbura ba.

Na shafa gilashi huɗu nan take daga sabon jini, domin idan jini ya daɗe a kwalba siffar fararen ƙwayoyi takan lalace. Da na ɗiga mai na sauke babban ido, ban ma gama daidaita madubin ba na gan su. Limfosait, wato farar ƙwayar da B da T suke rassanta, na yau da kullum ɗan ƙarami ne, bai fi jar ƙwaya da yawa ba, kusan duk jikinsa cibiya ce, da ɗan siririn shuɗi a gefe kamar jinjirin wata. Waɗannan kuwa sun ninka shi biyu, wasu fiye. Jikinsu ya baje kamar babbar riga da aka shanya a kan dangar kara, tsakiya fari-fari, bakin-bakin shuɗi sosai kamar an tsoma gefen a baba. Inda suka taɓa jajayen ƙwayoyi sai gefen ya lotsa ya rungume su. Cibiyar wata zagayayya, ta wata kamar ƙodar akuya, ta wata mai lanƙwasa. Ba biyu da suka yi kama sak.

Na ƙirga 100: limfosait 64, a ciki 23 masu wannan siffa. Ma'aunin da Robert Hoagland, likitan sojan Amurka, ya kafa shi ne limfosait su kai rabin fararen ƙwayoyi, masu baƙuwar siffa kuma su kai kashi 10, tare da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kaluluwa. Yaron ya cika duka. Jininsa bai yi ƙasa ba, ba maleriya a kaurin shafi, wato shafin jini mai kauri da ake neman ta a ciki. Da izininsa aka yi awon HIV, domin sabon kamun HIV yakan zo da kama iri ɗaya, kuma likita ya ce za a maimaita nan gaba ko da na yau ya fito lafiya. Na nemi izininsa da na mahaifiyarsa in ajiye gilasai biyu don koyarwa ba tare da suna ba. Ya ɗaga kai alamar to.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Sai jiya muka samo kayan Monospot, awon gaggawa na wannan cuta, daga wani ɗakin awo a cikin gari. Ɗigon ruwan jinin yaron ya dunƙule cikin minti biyu, ƙuru-ƙuru kamar madarar da ta tsinke.

Awon nan da kansa darasi ne a kan garkuwar jiki. A 1932 John Paul da Walls Bunnell a Jami'ar Yale suka lura cewa ruwan jinin masu wannan zazzaɓi yana dunƙule jajayen ƙwayoyin tunkiya. Daga baya aka koma na doki, don ya fi nunawa. Me ya haɗa ɗan Adam mai ciwon maƙogwaro da jinin tunkiya? Amsar tana wurin ƙwayoyin B ɗin nan da bairos ya zuga. Da yake ba bisa ƙa'ida aka tashe su ba, kowacce sai ta hau zubo antibodin da ta iya, ko da buƙata ko babu. A cikin tarkacen akwai wanda ke kama jinin dabbobi. Wato awon ba bairos yake gani ba, hayaniyar da ya tayar yake ji. Shi ya sa a makon farko kusan mutum ɗaya cikin huɗu awonsa kan fito babu alhali da cutar, kuma a yara 'yan ƙasa da shekara huɗu ba a dogara da shi.

Shekara 36 aka yi ana wannan awon ba a san mai laifin ba. Sai a 1967, a ɗakin binciken Werner da Gertrude Henle a Filadelfiya, wata ma'aikaciyarsu da a da jininta ba shi da antibodin Epstein-Barr ta kwanta zazzaɓin kaluluwa, ta dawo aiki da shi a jininta. A 1968 suka buga sakamakon da ya ɗaure cutar da bairos ɗin. Ina son labarin nan domin ma'aikaciyar ɗakin awo ce irinmu, kuma don an ajiye tsohon jininta da lakabi mai kyau ne aka iya kwatantawa.

Likita ya dakatar da amoksisilin, ya ba da farasitamol da shawarar ruwa da hutu. Ya ja kunnen yaron sosai a kan ƙwallo da kokawa da ɗaukar kaya mai nauyi har aƙalla mako huɗu. Saifa ta cika da limfosait, bangonta ya miƙe ya yi laushi, bugu kaɗan na iya fasa ta. Ba kasafai ake samun haka ba, bai kai mutum ɗaya cikin 100 ba, amma idan ya faru rai ne a kan siraɗi.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Zama na farko da ɗalibai, su bakwai. Na jera madubi biyu. A ɗaya gilashin saurayin nan, a ɗayan tsohon gilashin sankarar jini mai saurin tashi da wani babba a aikin nan ya ba ni aro. Ban gaya musu wanne ne wanne ba.

Biyar suka ce duka biyun sankara ne. Ban yi mamaki ba. Na ce su sake dubawa, amma kada su kalli ƙwaya ɗaya, su kalli taron. Wata ɗaliba ta daɗe a kan madubi na biyu, can ta ɗago ta ce, "Malam, waɗannan duk kamar 'yan gida ɗaya ne. Na farkon kuwa kamar 'yan kasuwa." Na ce ta maimaita da ƙarfi kowa ya ji. Ƙwayoyin sankara daga uwa ɗaya suka fito, shi ya sa suke kama da juna: cibiya ta cinye jiki, saƙarta sumul, riga 'yar kaɗan, kuma yawanci jini ya yi ƙasa, ƙwayoyin daskarar da jini sun yi ƙaranci ƙwarai. Na zazzaɓin kaluluwa kuwa gangami ne daga gidaje da yawa, kowa da irin shigarsa. Hal Downey ya kasa su gida uku tun 1923, har yau wasu littattafai da sunansa suke kiransu. Na kuma gargaɗe su cewa idan ido ya yi shakka, a kai wa na gaba, kada a yanke hukunci don jin kunyar tambaya.

Sai na shiga batun yawan gangamin. A lafiyayyen mutum ƙwayoyin T masu taimako, masu alamar CD4, sun kai kusan ninki biyu na CD8. A wannan cuta lissafin kifewa yake, CD8 su rinjaya nesa ba kusa ba. A 1998 masu bincike a Oxford da Birmingham suka yi amfani da wata dabara ta yi wa ƙwayoyin T alama gwargwadon abin da suke nema, suka tarar a wani majinyaci kashi 44 cikin 100 na dukkan CD8 ɗin jininsa guntun furotin guda ɗaya tak na bairos ɗin suke farauta. Kusan rabin masu kisa a jikin mutum, duk a kan sawu ɗaya.

Kowa ya saba jin ana cewa sojojin jiki, amma ni misalin da ya fi zauna mini shi ne na gobara a unguwa. Wuta ta kama ɗaki ɗaya, aka yi kururuwa, jama'a suka taso da bokitai. An kashe wutar, amma an karya danga, an farfasa tukwane, an jiƙa hatsi. Zazzaɓin da kasalar daga sinadaran da waɗannan ƙwayoyi ke fesawa ne, irin su intaferon gama. Kaluluwa da saifa da maƙogwaro cunkoson jama'ar ne ya kumbura su. Hanta ma takan taɓu, awonta ya ɗan hau. Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta magani: an gwada maganin bairos mai suna asaikulobiya, tana rage bairos a miyau, amma ba ta rage kwanakin jinya. Idan kuwa maƙogwaro ya kumbura har numfashi ya fara wuya, abin da likita ke ɗaukowa shi ne maganin da ke lafar da garkuwar jiki.

Da za mu tashi, wani ɗalibi ya ce, "Malam, in kusan kowa na da bairos ɗin, me ya sa ba mu cika ganin cutar a nan ba?" Na ce ya ba ni mako guda, zan kawo amsar a rubuce.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Tambayar yaron nan ta ci mini dare da yawa, kuma ita ce ta fi amfanar aikin.

Sirrin a shekarun kamuwa yake. A ƙasashen da yaro ke girma da kofinsa da cokalinsa shi kaɗai, mutane da yawa kan kai samartaka ba su haɗu da bairos ɗin ba. Idan suka haɗu a lokacin, sai gangamin ya yi yawa. A wani bincike da aka bi ɗaliban Jami'ar Minnesota shekara da shekaru, kusan uku cikin huɗu na waɗanda suka kamu sun yi zazzaɓin kaluluwa, kuma gwargwadon yawan CD8 a jini gwargwadon tsananin jinya. A wurinmu kuwa jariri hannu-hannu yake yawo. Kaka ta tauna ta ba shi, yaya ta hura masa kunu ta ɗanɗana, moɗa ɗaya ce a bakin randa. Kafin a yaye shi ya riga ya karɓa. A ƙarshen shekarun 1970 an bi jarirai a Accra ana awon jininsu wata-wata, aka ga mafi yawansu sun kamu kafin su cika shekara biyu, ba tare da alamun zazzaɓin kaluluwa ba.

Binciken da ya fi burge ni shi ne na Gambiya da aka buga a 2015. An duba yara 'yan wata 14 zuwa 18 da suka kamu shiru. Bairos a jinin wasunsu ya yi yawa kamar na saurayin da ke kwance, suna da CD8 masu gane shi kuma a farke suke, amma jimillar CD8 ba ta yi wannan mahaukacin tashi ba. Wutar iri ɗaya ce, masu kashe ta ne ba su yi cunkoso ba. Ga ni ga hujjar abin da nake son ɗalibai su gane, daga yaran Afirka ta Yamma.

Masana sun kawo bayani biyu da na ga ya dace in sa a takarda. Na farko ya shafi ƙwayoyin NK, masu kisa da ba sa jiran a koya musu abokin gaba. Masu bincike a Zurich sun nuna wani reshe nasu da ke afka wa ƙwayoyin B da bairos ke hayayyafa a ciki, kuma wannan reshe ya fi yawa a ƙananan yara, yana raguwa da girma. Idan na kusa sun tare wuta tun tana ƙarama, ba a buƙatar kururuwa. Na biyu kuma cewa babba ya riga ya tara ƙwayoyin T masu tuna tsofaffin cututtuka, wasu daga cikinsu sukan ɗauki sabon baƙon a matsayin tsohon, su shigo gangamin su ƙara hayaniya.

Wannan ya nuna mini cewa yadda zaman birni ke canjawa, gidaje na ƙanƙancewa, za mu riƙa ganin samari irin na 4 ga wata. Da yawansu kuma maganin maleriya da na taifot za su yi ta sha.

Amma kamuwa da wuri ba kyauta ba ce a ƙasar sauro. A 1958 Denis Burkitt, likitan fiɗa a asibitin Mulago da ke Kampala, ya bayyana wata sankara da ke kumbura muƙamuƙin yara, ya kuma gano cewa tana bin yankunan zafi da ruwan sama. Anthony Epstein ya saurari laccarsa a Landan a 1961, ya roƙi a riƙa aiko masa da tsokar ƙarin daga Yuganda. Ya yi ta gwaji ba nasara, har Disamban 1963 da hazo ya sa aka karkatar da jirgin zuwa Manchester. Samfurin ya iso a makare, ruwansa ya yi gurɓi kamar ya lalace. Da ya duba a madubi sai ya ga ƙwayoyin ƙarin ne suka saki suna yawo da ransu. Daga nan aka iya renonsu, kuma a 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga bairos ɗin a cikinsu. A Ibadan ma, a 1963, R. J. V. Pulvertaft ya reni ƙwayoyi daga ƙarin wani yaro ɗan Najeriya mai shekara 11, kuma har yau ɗakunan bincike na duniya suna aiki da zuriyarsu.

Ina sauro ya shigo? A 1984 Hilton Whittle da abokan aikinsa a Gambiya suka nuna cewa lokacin da yaro ke fama da maleriyar falsifarum, ƙwayoyin T ɗinsa sukan kasa riƙe ƙwayoyin B masu ɗauke da bairos. Ga maleriya kuma da kanta tana zuga ƙwayoyin B su yi ta rabuwa. Mai gadi ya raunana, waɗanda ake gadi sun ƙaru, a cikin wannan rububi ne wata ƙwaya kan yi kuskuren musanya guntun gado tsakanin kuromosom, wato ƙunshin gado da ke cikin cibiyar ƙwaya, na 8 da na 14, ta zama ƙari. Don haka gangamin CD8 da ke kwantar da saurayi mako uku, shi ne dai tsaron da idan ya yi rauni yaro ke shiga haɗari. Na rubuta wannan a takarda ta uku, na ware gurbi biyu ga gilashin sankarar Burkitt idan na samu.

Litinin, 10 ga Maris

Azumi ya shiga, aiki ya koma na safe. Saurayin ya dawo awo, mako biyar bayan na farko. Da ƙafarsa ya zo, shi kaɗai, ya ce maƙogwaro ya warke tuni, sai dai gajiya: in ya hau bene sai ya zauna. Likita ya ce saifa ta koma, ya kuma ba shi shawara a kan azumi gwargwadon ƙarfinsa. Awon HIV na biyu lafiya.

Na ƙirga 100: limfosait 41, masu baƙuwar siffa 3 kacal. Na daɗe ina yawo a gilashin kafin in sami ɗaya mai kyau da zan yi wa da'ira. Ina sauran suka tafi? Mutuwa suka yi, kuma da ƙa'ida. Ƙwayoyin T da suka tashi irin wannan tashi suna da ƙarancin Bcl-2, furotin da ke hana ƙwaya kashe kanta, don haka da zarar abin farauta ya ragu sai su bi tsarin mutuwar da aka gina musu, wasu ƙwayoyi su share gawarwakin. Kaɗan ke saura a matsayin masu tuni, su ne za su yi gadi har ƙarshen rai.

Gadin kuwa dole ne, don bairos bai tafi ba. Ya shige cikin ƙwayoyin B masu tuni ya kashe kusan dukkan fitilunsa, ba ya ƙera furotin da za a gane shi da shi. A lafiyayyen mai ɗauke da shi, ƙwaya 1 zuwa 50 ce cikin miliyan ɗaya na ƙwayoyin B ke ɗauke da shi. Lokaci-lokaci yakan farka a maƙogwaro ya zuba a miyau, a taka masa burki, ya koma. Awon antibodi ma yana ba da wannan tarihi daki-daki: antibodi nau'in IgM mai kama ɓawon bairos ya zo da wuri ya wuce, nau'in IgG na ɓawon ya zauna har abada, na EBNA kuma, furotin da bairos ke ƙerawa a cibiyar ƙwaya, sai bayan wata biyu zuwa uku yake bayyana.

Gilasai biyun, na 4 ga Fabrairu da na yau, na sa su gurbi na 1 da na 2, kafaɗa da kafaɗa. Gani ya kori ji.

Juma'a, 21 ga Maris

Na yi saurin murna ranar Talata. Jinin wani yaro ɗan shekara takwas ya zo da manyan limfosait masu shuɗin baki, har na fara rubuta lakabin gurbi na 3. Da na koma kaurin shafi sai ga maleriya. Monospot babu.

Ban jefar da gilashin ba, ya ma fi wasu amfani. Ƙwayar T da ta tashi aiki siffarta ɗaya ce ko wane ne ya tashe ta: bairos ɗin CMV, ko toksofilasma, ko sabon kamun HIV, ko ciwon hanta, ko dengi, ko maleriya. Gilashi yana cewa an yi kururuwa, ba ya faɗin gidan da wuta ta kama. Na buɗe sabon layi a akwatin don masu kama da juna, na kuma gyara takarda ta farko: abin da ɗalibi zai rubuta a sakamako shi ne an ga limfosait masu martani, kashi kaza, a haɗa da alamun majinyaci. Sunan cuta na likita ne.

Laraba, 9 ga Afrilu

Bayan Sallah na dawo na tarar zafi ya fara taɓa gilasai biyu da ban rufe ba, rinin ya kwashe. Na rufe sauran duka da danƙon rufe gilashi mai suna DPX da siririn gilashi, na mayar da akwatin ƙasan kabad nesa da taga.

Inda aka tsaya: gurbi 7 cike, takardu 4 an gama. Ta biyar nake kai, a kan abin da ke faruwa idan gangamin ya rasa mai tsawatarwa. Akwai cutar gado da David Purtilo ya bayyana a 1975, mai bin 'ya'ya maza ta wajen uwa, inda wani furotin mai suna SAP da ƙwayoyin T da NK ke buƙata ba ya aiki. Yaron yakan taso lafiya har ranar da ya gamu da Epstein-Barr. Ƙwayoyin T da NK ɗinsa su taru su yi ta fesa sinadarai amma su kasa kashe ƙwayoyin B da suka kamu, kururuwa ba ta tsayawa, har manyan ƙwayoyi masu haɗiya su koma cin ƙwayoyin jinin mai jikin a ɓargo da saifa. Ina son ɗalibi ya san cewa zazzaɓin da ya ƙi sauka, ga saifa ga hanta, ga dukkan ire-iren ƙwayoyin jini suna faɗuwa tare, ba na a ce a je a huta ba ne, na a kira likita ne a take.

Ɗalibar nan mai maganar 'yan gida ɗaya da 'yan kasuwa ta karɓi aikin ɗaukar hoton gilasai da wayarta ta bakin madubi, ta riga ta kawo 12 masu kyau. Ranar Litinin sabon rukuni na ɗalibai zai iso, su tara. Zan sake jera madubi biyu ba tare da lakabi ba, in rubuta nawa suka bambance kafin karanta takardun, nawa kuma bayan sun karanta.